Manjagarar da Surukina Ya Dasa wa Haƙora

A shekarar da na faɗo daga kan rumbu ban daɗe da yin aure ba. Muna zaune a Kalgo, ni da matata da tsohuwar mahaifiyata, abin da muka dogara da shi kuwa wata 'yar fadamar shinkafa ce da mahaifina ya bar mini. Lokacin Nasara ya riga ya zauna a ƙasa, har an fara ganin mota jefi-jefi a hanyar Birnin Kebbi, amma noma yana nan yadda muka gaje shi, daga galma sai ƙarfin kafaɗa. To, kafaɗar ce ta tafi. Na hau gyaran jinkar rumbu, ƙafata ta zame, na sauko a kan hannun dama. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma hannun ya ƙi ɗaguwa sama da ƙirji.

Mutanen unguwarmu sun yi mini halacci. Suka yi gayya suka kafce mini fadamar tun ƙasa ba ta gama bushewa ba. Sai dai kaftu rabin aiki ne a laka. Da rana ta doke ta sai ta zama hoge, manya-manya kamar tulu, kuma dole a bi a farfasa kafin a watsa iri, a sake bi a rufe irin don kada tsuntsaye su tsince. Kowa ya koma kan tasa gonar, ni kuma ba ni da bakin sake roƙo. Na gwada da hannun hagu. Na wuni cur, abin da na fasa bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Na dawo gida na zauna a zaure, aka kawo tuwo na kasa ci.

Matata ta ɗauke kwanon. Ashe ta sami wasu masu jakuna da za su ci kasuwa wajen Gwandu, ta ba su saƙon baki zuwa ga mahaifinta. Shi maƙeri ne a can, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, damatsansa duk tabon tartsatsin wuta. Tsakanina da shi sai kunya irin ta suruki. In na hango shi nakan tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, in yi maza in bar wurin. Shi ma bai taɓa duban idona ba.

Wata rana da hantsi sai ga shi a ƙofar gida, yana kore da jaki. A kan jakin ga zugazugi, ga masaba da awartaki, ga 'yar uwar maƙera, ga taikin gawayin ƙirya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya gaisa da mahaifiyata ta bayan zana, ya sha ruwa, ya ce a kai shi ya ga fadamar. Ina biye da shi nesa-nesa. Ya sa ƙafa ya ture hoge ɗaya, ya ɗauki wani ya maka da ƙasa, bai fashe ba. Sai ya yi magana yana kallon gabas, kamar da iska yake:

"A samo mani icce mai nauyi. A kuma tara mani duk wani tsohon ƙarfe na gidan ga."

Bayan la'asar ne na ji yana yi wa ɗiyarsa bayani. Ya ce an taɓa kiransa gyaran wata sarƙa a gonar gwajin Nasara, can ya ga shanu na jan wani abu kamar manjagara, amma babba, kwance a ƙasa, haƙoransa na tsefe gona. Sau ɗaya ya gan shi. "Nasu duk ƙarfe ne," in ji shi. "Mu ba mu da wannan ƙarfe, amma muna da icce."

Ya kafa maƙerarsa a gindin tsamiyar bayan gida. Ya sassaƙe guma-guman marke da gizago, ya harhaɗa su kusurwa uku. Ƙarfe kuwa muka tattaro abin da ya samu: tsofaffin ruwan fartanya, karyayyen gatari, lauje da ya cinye. Da aka ga ba za su isa ba, mahaifiyata ta shiga ɗaki ta fito da ruwan galmar mahaifina, wanda ta naɗe a tsumma tun rasuwarsa, ba ta bari kowa ya taɓa. Ta ajiye a bakin zana ta koma ciki. Surukina ya ɗauka, ya juya shi a hannu, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya sa a wuta.

Matata ce ke zuga, don tun tana yarinya ta iya. Shi yana sarar ƙarfe yana miƙar da shi, kowane haƙori kamar tsawon tafin hannu, tsini a ƙasa, kauri a sama. Da aka zo dasawa sai aiki ya buƙaci mutum na uku, kuma babu kowa sai ni. Aikina in hau kan gungumen in danne shi. Yakan gasa tsinken ƙarfe ya yi jajir, ya huda itacen da shi, hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe mu. Ramin yakan bar shi ya fi haƙorin matsi, ya kafa haƙorin ya yi ta duka har ya ɓullo ta ƙasa, sannan ya lanƙwashe kansa ya kwanta a jikin itace. Kanmu kusan haɗe, ina jin numfashinsa. Amma in zai yi magana sai ya ce wa ɗiyarsa, wadda ke can bayan wuta, "Gaya mashi shi danne da kyau." Ita kuma ta rufe baki da gefen zane ta ce, "An ce ka danne."

Akwai wani Bafulatani maƙwabcinmu mai takarkari, wato san da ake ɗora wa kaya. Shi ya yarda ya ba mu aro, ya kuma zo da kansa ya riƙe igiyar hanci. San bai taɓa jan komai ba. Da ya ji abu na binsa a baya sai ya zabura, manjagarar na tsalle, mutanen da suka taru a bakin fadama suna ta dariya. Mai shi ya lallashe shi da Fulatanci har ya natsu ya soma tafiya. Amma abin bai yi ba. Manjagarar na bin saman hoge kawai, haƙoran da suka shiga ƙasa kuma suka sarƙe a saiwar ciyawa. Kafin mu kai ƙarshen gona muka ji ƙas! Gungume ɗaya ya tsage daga wannan kai zuwa wancan, haƙoransa suka zube.

Na dubi dattijon nan da ya baro maƙerarsa a lokacin da manoma suka fi nemansa, ga shi ana yi masa dariya a garin da ba nasa ba, saboda ni. Na durƙusa na ce, "Baba, an gode. A bar shi haka nan. Allah bai nufa ba."

Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido.

"Kai, taso ka duba. Mi ka gani?"

Na matsa na duba. Na ce ramukan duk a layi ɗaya suke, sun bi jijiyar itacen, shi ya sa ya tsage. Na ƙara da cewa da haƙoran sun ɗan kwanta baya, da saiwa ta zame ba ta riƙe su ba.

"Awo," ya ce. "Ni ma abin da na gani ke nan. To, ni gero na sani. Shinkafa kai ka san ta. Yaya take so ta nutse?"

Na nuna masa gaɓar yatsana. Ya kama yatsan ya auna shi da nasa, ya ce ashe ya yi haƙoran da tsawo.

Muka koma gindin tsamiya. Ya sassaƙa sabon gungume, ya rage wa haƙoran tsawo, ya huda ramukan a karkace, wannan ya ɗan yi dama wancan ya ɗan yi hagu, yadda na baya zai bi tsakanin sawun na gaba. Ya ɗaure bakin kowane gungume da zoben ƙarfe. Da ya gama ya sa muka jefa manjagarar a tafki ta kwana, itacen ya kumbura ya cije haƙoran. Duk wannan aiki da ni yake magana kai tsaye, ni ne dai na kasa ɗaga kai.

Da muka sake fita, mun ɗaura mata wani fasasshen turmi a sama don nauyi. Sa ya ja, sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba, ƙurus-ƙurus, hoge na fashewa a ƙarƙashinta. Ina biye a baya da igiya a hannun hagu, in ciyawa ta taru in ɗaga gefe in karkaɗe. Na waiwaya na ga ƙasa ta kwanta lumus, da sawun haƙora a jere. Ba ta fasa duka ba, manyan sai da muka maimaita, wasu ma sai da matata ta bi da taɓarya. Amma aiki ne da mai hannu ɗaya zai iya. Mahaifiyata, wadda ta daɗe ba ta taka fadama ba, ta dogara sanda ta zo ta tsaya a bakin gona tana kallo, tana share ido.

Surukina bai jira an watsa iri ba, don ana jiransa a gida. Ya bar mini haƙora na canji, ya nuna mini yadda zan fitar da wanda ya cinye, in kafa sabo in cusa masa tsinken itace ya matse. Hannuna bai ƙara komawa daidai ba har yau, amma ban bar noma ba, ban kuma ci daga hannun kowa ba. Maƙwabta kaɗan sun riƙa aron manjagarar, da yawa kuma sun ce su dai galmarsu ta ishe su.

Da kaka na ɗora wa jaki sabuwar shinkafa na nufi Gwandu. Na sami surukina a maƙera, manoma zazzaune suna jiran lauje. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ko dubi kayan ba, ya ce, "Wane haƙori ya fara cinyewa?" Na ce na can gaba, wanda ke fara haɗuwa da hoge. Ya gyaɗa kai, ya ce wa masu jira su yi haƙuri, ya zaɓo ƙarfe mai kauri ya tura cikin wuta tun ban kwance wa jakin kaya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aljanna ce makomarsa.