Sabulun Gwaggo Hansai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan tafi asibiti, 'yar Gwaggo Hansai ta kira ni daga Baure. Gwaggo ta rasu bayan sallar asuba.

Ba 'yar'uwata ba ce. Wankin ƙoda ne ya haɗa mu. Ita mai fura ce, ni malamar firamare a nan Daura, sai Allah ya jera gadajenmu duk Litinin da Alhamis, shekara guda da 'yan watanni.

Ranar da aka fara ɗora ni a kan inji, kuka nake yi sosai. Ina kallon jinina yana bin roba yana fita, aka ce kuma awa huɗu zan yi a haka. Sai tsohuwar da ke gadon kusa ta kwance bakin zaninta da hannu ɗaya, ta nuno mini sabulu sabo a takardarsa.

"'Yar nan, kin zo da naki kuwa?"

Na ce, "Na me, Gwaggo?"

"Na wankin mana."

Ashe ranar da likita ya ce mata sai an riƙa yi mata wankin ƙoda, ita ta ɗauka ciro su za a yi, a cuɗa, a ɗauraye, a mayar. Ta tsaya a tasha ta sayi sabulu, mai ƙamshi ma, wai kada a ce ta zo hannu biyu. Da ta miƙa wa nas, sai da ɗakin ya kwashe da dariya. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ƙulle abinta, ta ce ai zai yi amfani.

Ya kuwa yi. Duk sabon da aka kawo yana cikin tsoro, sai ta fito da shi. Ni dai ban san lokacin da kukana ya koma dariya ba.

Ita ta koya mini tsotsar 'yar ƙanƙara idan ƙishi ya matsa, tunda ruwan ma auna mana shi ake yi. Takan ce, "Shekara arba'in ina dama wa mutane fura, yau ni ake wa iyaka da ludayi ɗaya."

Sau biyu ina gaya mata zan daina zuwa. Na gaji da allura, na gaji da jiri, na gaji da ganin maigidana yana zaune a benci. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi, "To idan kin daina, wa zai riƙa karanta mini abin da injin nan ke rubutawa? Ni ban yi boko ba."

Alhamis ɗin da ta wuce inji ɗaya ya lalace, mai gyara kuma sai ya taso daga Kano. Layi ya taru. Ni na makara saboda jarrabawar yara, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi da ƙyar. Aka ce mini sai dai Litinin.

A lokacin layi ya zo kan Gwaggo. Ta dubi ƙafafuna, ta ce wa nas, "Sista, ɗora yarinyar nan. Ni zan kai Litinin." Nas ta ƙi, ta yi mata bayani har sau biyu. Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta sauka daga gadon.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce, ban yi mata gardama ba. Numfashi nake nema, na hau.

Kafin ta fita ta jefa sabulun a jakata. "Riƙe mini, Litinin zan karɓa. Kada ki kuskura ki yi wanka da shi."

Yau ce Litinin ɗin.

Na san ajali ne, kowa ma haka yake gaya mini. Amma zuciyata ta yi nauyi, kuma ina kewarta. Da na ajiye waya na zauna bakin gado, na ce wa maigida ba inda za ni. Jakata kawai ya miƙo mini. Ina buɗewa ƙamshin ya bugo ni. Wadda ta bar mini gadonta ba don in zauna a gida ta bari ba.

Da hannu ɗaya nake wannan rubutu, ɗayan yana jone da inji. Gaisuwa a Baure sai na sauka. An gyara injin jiya. A gadon Gwaggo an kwantar da wata baiwar Allah daga Sandamu, yau ne farkonta, tana ta share hawaye da gefen hijabi. Bari in ajiye wayar nan in tambaye ta ko ta zo da nata.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Hansai, Ya wanke ta daga kurakuranta, Ya shayar da ita ruwan Alkausara ba tare da awo ba. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya haɗa da mu da muke kan layi.