Baba Tanko Ne Ya Gyara Motar, Ba Injiniyan Legas Ba

Ina bakin get ina goge gilashin mota da safen nan aka kira ni. Baba Tanko ya rasu da asuba a gidansa a Tungan Maje.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan dakalin mai gadi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, bakanike ne a Karmo. Garejinsa na ƙarƙashin bishiyar mangwaro, bayan masu walda. Ba allo, ba suna a jiki. Ni kuwa direba ne, shekara huɗu ina tuƙa wani darakta a wata ma'aikata.

Akwai maganar da ogana ya hana ni faɗa tun bara, yau zan faɗe ta. Na san 'ya'yansa suna bin shafin nan. Na san kafin la'asar zai gani, kuma zai iya kora ta a kanta. In ya so ya kora.

Na san Baba tun ina jan tasi kore da fari a Wuse. In na je da yunwa ba ya tambaya, sai dai ya turo min gasasshiyar doya da manja da gefen ƙafarsa, hannunsa duk baƙin mai. Ɗan asalin yankin ne, Hausa ba yarensa ba ce. Yakan ce, "Ni ban zo Abuja ba, Abuja ne ya zo ya same ni a gona." Lokacin da aka dawo da gwamnati daga Legas, makanikai Yarbawa suka biyo motocin ma'aikatu, shi kuma ya ajiye fartanya ya bi su ya koyi aiki. Har ya rasu mota "shi" yake ce mata. In na gyara masa sai ya ce, "Kai ka gyara Hausa, ni in gyara mota, mu ga wa zai ci abinci."

Motar ogana irin mai sufacaja ce. Wato akwai wani abu a saman injin da ke tura masa iska don ƙarin ƙarfi, bel ne ke juya shi. Bara ta fara ƙara da safe, ƙiiii, kamar ana goga ƙarfe. Sai kuma ta fara kasa numfashi a hawa.

Oga ya sa na kai ta wani babban gareji a cikin gari, mai sanyi da kwamfuta. Suka ce sufacaja ya mutu, kuma ƙafar direba ce ta kashe shi.

A gaban matarsa oga ya ce min, "Haruna, ka mayar min da mota ta tsere ko? Zan je Kaduna in dawo Litinin. Ka fara neman wani aikin."

Ban yi musu ba. Aji huɗu na tsaya a firamare, su kuma suna da takarda mai hatimi. Amma ni ke ta da motar nan kullum da safe, kuma na lura ƙarar daga ƙasa take fitowa, ba daga sama inda suka nuna ba.

Ranar Asabar na lallaɓa da ita Karmo, ba tare da izinin kowa ba.

Baba bai taɓa komai ba tukuna. Ya ce in ta da ita. Ya ɗauko doguwar sukudirebarsa, ya ɗora tsininta a jikin sufacaja, ya kara mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. Ya jima. Ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau." Ya sauko ƙasa, wajen wani ƙaramin fuli, ɗan gargare mai juyawa, da ke danne bel ɗin don kada ya saki, wanda suke kira tenshona. Sai ya yafito ni.

"Zo, sa kunnenka. Ka kula da rigarka."

Na ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Muka kashe inji. Kafin ya cire bel, ya yago kwali ya zana hanyar da bel ɗin ya bi da gawayi, fuli bayan fuli. Na ce, "Baba, kai ma sai ka zana?" Ya ce, "Shekara nawa ina yi, ban taɓa yarda da kaina a nan ba."

Ya sa dogon ƙarfe ya danne tenshona, bel ya saki, ya zare shi. Ya bi kowane fuli yana juyawa da yatsa. Duk suna tafiya shiru, ban da wannan. Yana gurnani, yana rawa.

Ya ce, "Boris ɗinsa, ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kai, ya ci kansa. Shi ke sakin bel, bel yana sulɓewa, na saman ba ya samun juyi. Ba ƙafarka ba ne, ɗana."

Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Na ɗauki sifana zan taya shi kwance notin, ya buge min hannu. "Wannan baya yake kwancewa. Yadda kake yi ɗaure shi kake, yanzu ka karya min shi." Da kansa ya hau motar haya zuwa Zuba nemo sabo. Ya ce uku ya mayar kafin ya sami wanda ya yarda da shi. Ya sa sabon bel ma, don tsohon ya yi sulɓi. Kafin magariba muka ta da ita. Shiru. A hawan da take kasawa sai da na ɗaga ƙafa.

Baba ba ya riƙe tsohon kaya. Duk abin da ya cire, sai ya damƙa wa mai mota. Ya naɗe fulin a jarida ya ce, "Ka ba oganka a hannu. Kada ka yi bayani. Ka ce ya juya."

Litinin na miƙa wa oga. Ya juya, ya ji gurnanin. Ya zagaya unguwa da motar ya dawo. Ya ce, "A ina aka yi?"

Na ce, "Karmo, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Karmo? Motata a Karmo? Ka ci gaba da aikinka. Amma kada in ji wannan a bakin kowa."

Daga nan duk abokin da ya shigo motar, sai in ji oga yana cewa injiniya ya ɗauko takanas daga Legas. Ina kallonsa ta madubi, ina shiru.

Ganina da Baba na ƙarshe sati uku ke nan. Ya rame, yana zaune a benci, ba ya iya sunkuyawa. Ya ce, "Oganka ya taɓa cewa a gaishe ni?"

Na ce, "Kullum sai ya ce, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Haruna, ni da kunne nake aiki fa. Bar shi. Ka riƙe aikinka, kana da iyali."

Na riƙe, har yau da safe. Da oga ya fito na gaya masa Baba Tanko ya rasu. Bai ɗago daga wayarsa ba ya ce, "Wane Tanko?" Na roƙi awa uku in je jana'iza. Ya ce yana da mitin ƙarfe biyu.

Na kai shi ofis lafiya, na buɗe masa ƙofa kamar kullum. Na ba sakatarensa makulli. Yanzu haka ina cikin bas ta Zuba nake wannan rubutun.

To kowa ya ji. Babu wani injiniya da ya zo daga Legas. Tanko ne, bakaniken Karmo, wanda bai iya rubuta sunansa ba. Shi ya gano abin da kwamfuta ta kasa, shi ya wanke ni daga laifin da ban yi ba. Ranka ya daɗe, in kana karantawa, na gode da shekara huɗu, ban taɓa cutar ka ba. Amma ba zan tsaya a kan kabarin mutumin nan da wannan shirun a bakina ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Tanko. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa masa asiri yadda ya rufa min. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni ma ka yafe min ƙaryar da na yi masa.

Bayan azahar za a yi masa sallah. Wanda ke kusa ya zo. Wanda ke nesa, don Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba, kuma ka kira sunansa a ciki.