Gorunan Masu Dubiya

Jiya ina share ɗakin marigayi Baba a Dangora, sai ga gorunan maganin gargajiya a ƙarƙashin gado, har yanzu suna warin saiwa da jar kanwa.

Da ciwon hanta ya kumbura masa ciki, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, likita ya hana shi duk wani jiƙo. Sai dai a garinmu kowane mai dubiya likita ne, kuma da gorarsa yake zuwa. Baba kuwa bai taɓa mayar da hannun kyauta baya ba.

Ranar da amininsa ya taso tun daga Burumburum da wani baƙin tsimi, na ce, "Baba, likita fa ya hana."

Ya ce, "Likitan ne ya hawo mota ya zo gaishe ni? Miƙo kofi."

Ni da nake koyar da kimiyya, ni na riƙe kofin na tsiyaya masa, don kada a ce ɗansa mara kunya ne. Ya runtse ido ya shanye, har da godiya.

Ranar sadakar uku, aminin nan ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, da an ci gaba da nawa, da yanzu yana gona."

Allah Ya jiƙan Baba. Allah Ya yafe wa wanda ya riƙe kofin, don ni dai na kasa yafe masa.