Hanyar da Ƙanena Ya Buɗe wa Umma

Kusan shekara goma ƙanena ya yi a Amurka yana wasan ƙwallon nan tasu da ake runguma a gudu da ita, kuma ko sau ɗaya ƙwallon ba ta shiga hannunsa ba. Aikinsa ya duƙa a sahun gaba, ya bangaje duk ƙaton da ya nufo mai jefa ta. A kan haka ake biyansa. Ni kuwa ina nan Hindawiyya, unguwarmu a Makka, duk tsawon shekarun, ina shafa wa Umma magani a ƙafa, ina jigilar ta zuwa asibiti.

Da gwiwoyinsa suka gaji ya dawo Makka da rigar wasansa a cikin gilashi, ya cire agogon bangon falo ya rataye ta. Mutanen titin Mansur suka yi ta zuwa kallonsa kamar ragon layya. Haushinsa nake ji, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Umma buri ɗaya ya rage mata: ta sake sumbatar Hajarul Aswad kafin ta mutu, don tunda ƙarfinta ya ragu ba ta kai gare shi ba. Mu 'yan gari mun san yadda ake yi. A bi jikin Ka'aba a hankali, a yi haƙuri, idan bai yiwu yau ba a dawo gobe. Da na faɗi haka dariya ƙanena ya yi.

"Yaya, wannan ai sana'ata ce. Umma, ki riƙe bayan jallabiyata kawai."

Muka je bayan la'asar. Ya ware ƙafafu, ya sunkuya, ya tura tafukansa gaba, daidai yadda yake a hotunan da yake nuna wa baƙi. Mutane suka riƙa darewa, Umma na biye, ni ina bayanta. Saura taku biyu ta isa sai ya ture wani tsoho siriri mai harami. Tsohon ya faɗi, tabaransa ya shige ƙarƙashin ƙafafu. Ƙanena ko waiwaye bai yi ba.

Umma ta saki jallabiyar.

"Halas, ya waladi. Ya isa haka, ɗana," in ji ta. "Ba zan tsallake bawan Allah in sumbaci dutse ba."

Ni da ita muka ɗaga tsohon. Kafin mu miƙe cunkoso ya kwashe mu baya. Daga nesa ta ɗaga hannu ta yi kabbara kamar kowa. Na roƙe ta mu koma, mu biyu kawai, ta ce ta ji kunyar wurin. Ba ta kai azumi ba ta rasu.

Har yau yana zama ƙarƙashin rigar nan, ƙafa a miƙe kan matashi, yana lissafa wa baƙi ƙattin da ya kayar. Ni nake kawo musu shayi. Idan ya gama sai in ajiye tiren in ce, "Ka manta ɗaya."