Tambayar da ta sa na saki baki

Rabi, ƴata mai shekara goma sha biyar, tana tashi daga tabarma jiri ya ɗebe ta, ta zube. Karo na uku ke nan. Maƙwabta suka ce iska ce, ni dai na kai ta likita nan Madarunfa.

Malamar jinya ta leƙa cikin fatar idonta, ta ce, "Ƴata, kina cin farar ƙasa ko?"

Rabi ta sunkuyar da kai. "Kullum, Tanti. A ɓoye."

Ni da na haife ta ban sani ba!

"Ƙarancin jini kan sa wannan kwaɗayi, Hajiya. Bari mu auna."

Awo ya tabbatar. Tunda ta fara shan magani ba ta sake faɗuwa ba.

Tsarki ya tabbata ga mai ba bawansa sani. Ku fa, kun taɓa ganin haka?