Ganyen da Na Hana a Ƙona

Tun ɗiyata tana wata huɗu nake tsoron ƙirjinta. Ko turaren wuta aka sa a ɗakin maƙwabta sai numfashinta ya fara fito, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. A asibiti sun ce in nisanta ta da hayaƙi da duk abin da ake fesawa. Na ce to, amma a raina na ce yaya zan yi, a gidan haya a Fatakwal, inda kowa ke da sauronsa da maganinsa.

Mijina mahauci ne a mayankar Trans-Amadi, da asuba yake fita. Ni ce a gida da ita. Ɗakinmu shi ne na ƙarshe, tagarsa tana ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke tsakar gida.

A shekarar ne wani farin ƙwaro ya kama mangwaron. Kamar an yayyaga auduga an manna a bayan ganye. Darɓa, wani ruwa mai danƙo, ta riƙa ɗiga a kan shanya, ganyen ya yi baƙi kamar gindin tukunya, 'ya'yan suna zubewa tun suna ƙanana. Alhaji mai gidan, wanda shi ya dasa bishiyar da hannunsa, ya ce zai kira mai feshi.

Sau ɗaya aka fesa. Na rufe taga, na toshe ta da zani, duk da haka warin ya shigo. Kafin la'asar leɓen yarinyar ya canza launi. A kan okada, babur ɗin haya, na kai ta asibiti, ina riƙe da ita ina jin ƙirjinta yana kaɗawa a tafin hannuna. Mun dawo, ƙwaron kuma bai daɗe ba ya dawo, har ya fi da.

Ana cikin haka wata mata 'yar ƙabilar garin nan, ma'aikaciyar gona, ta zo unguwar tana bin gidaje masu mangwaro. Ta zo da wasu ƙananan kwalabe. Da Turancin broka take magana, Inna, tsohuwar da ke ɗakin farko, tana juya mana. Wai rina ce a ciki, za a sake ta a bishiyar.

Ina jin an ce rina na ja 'yata baya. Matar ta yi dariya ta miƙo mini kwalbar. Sai da na kanne ido na gan su, ba su kai ƙwayar gero ba. Ta ce ba sa harbin mutum. Farin ƙwaron suke nema, su sa ƙwai a cikinsa, ɗan ya cinye shi ta ciki, ya bar ɓawo mai tauri, ruwan ƙasa. Daga ɓawon wata rinar za ta fito. Sharaɗi biyu ta kafa: kada a fesa komai, kada kuma a ƙona ganyen da ya faɗo, don 'ya'yan rinar suna jikinsa.

Alhaji ya amince, amma ba da zuciya ɗaya ba. Ya ce idan bai ga canji ba mai feshi zai dawo.

Sharaɗi na biyun ne ya zama rigima. A gidanmu duk yamma sai an share tsakar gida tas, a tara ganye a bakin kwata a cinna masa wuta, a kori sauro. Matar da ta bar shara a ƙofarta ƙazama ce, har a gidan suna sai an yi da ita. Ni kuwa na fara riga kowa, ina tsince ganyen ina zubawa a tsohon kwando a gindin bishiyar. Kwando ya cika, na ƙara da buhu.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, mutane suna kiwon kaji, ke kin koma kiwon rina? Ranar suna ki gayyace mu."

Aka yi ta dariya. Wata ta ce kunama zan tara mana. Wannan ya tsaya mini a rai, don yaranta suna wasa a wurin. Kullum sai na zazzage kwandon na duba. Mijina ma ya ce in daina jawo mana magana. Ban daina ba, amma bishiyar tana nan fari fat, ni kaina na fara tunanin ko matar nan ta yaudare mu ne.

Wata ranar Asabar da hantsi na ji muryar Alhaji a zaure, da ƙarar tankin feshi yana bugun ƙofa. Yarinyar tana bayana, da mura ta kwana. Ban taɓa tsayawa gaban Alhaji na yi magana ba, gaisuwa ce kawai daga nesa. Na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Baba Alhaji, don Allah a ƙara mana lokaci. Idan aka fesa yau ban san inda zan kai ta ba."

Ya ce in tafi da ita gidan wata har warin ya fita. Na ce wancan karon kwana da kwanaki warin yana cikin katifa. Mai feshin ya riga ya fara haɗa ruwan maganin.

Inna ce ta taso da ƙyar, ta ɗauki ganye ɗaya daga kwandona ta kai kusa da idonta. Ta ce ita dai tana ganin ɓawon, ga kuma 'yar ƙofa a jikin kowanne, wani abu ya fita. Ta miƙa masa. Ta ce, "Alhaji, mangwaro ka dasa, ba ka dasa yarinya ba. Bari a ga tohon da zai fito."

Ya juya ganyen ya daɗe yana kallo. Sannan ya sallami mai feshin, ya shiga ciki.

Tohon ya fito ja, ya koma kore, da ɗan fari nan da can, amma bai yi baƙi ba. Ba a sake feshi a gidanmu ba. Sai dai gidan da ke bayanmu suna yi, kuma iska ba ta tsayawa a katanga.

Abin da nake roƙo, idan za ku fesa wa bishiyarku magani, ku aika a faɗa wa maƙwabta tun da safe, mai ƙaramin yaro ta samu ta fita da shi.