Azurfar Inna a Yatsan Kansila

Shekarar da soja suka ce za su miƙa wa farar hula mulki, kusan kowane gida a Fagge sai da ya fitar da ɗan takara. Namu yayana ne, wai kansila yake so. Mutumin da ko 'ya'yansa ba sa jin maganarsa.

Innarmu tana da wata 'yar azurfa a wuya, faɗinta kamar na sisi, an huda ta an zura baƙin zare. Gefe ɗaya kan mace ne da hular ƙarfe, ɗaya gefen dawakai na jan keke, da rubutu a ƙasa. Mahaifiyarta ta zo da ita daga Borno, ta rasu Inna ba ta yi wayo ba. Babu hotonta, babu wanda ya san kabarinta. Azurfar nan kaɗai ta rage.

Wata Asabar na raka Inna Kasuwar Sabon Gari, rumfar wata 'yar Ibo da take sarar atamfa a wurinta. Mijin matar malamin tarihi ne, ranar yana taya ta tsare rumfa. Ya hango azurfar a wuyan Inna, ya roƙa a ba shi ya gani, ya daɗe yana juya ta.

"Mama," ya ce, "wannan kuɗin Rumawa ne, tun kafin haihuwar Annabi Isa. Lokacin ba su da sarki, zaɓe suke yi. 'Ya'yan manyan gidaje ake ba aikin buga kuɗi, sai su sa sunan gidansu da bajintar kakanninsu, don masu zaɓe su riƙa tunawa da su. Wataƙila fatake ne suka ƙetaro Sahara da shi."

Inna ta dawo gida bakinta har kunne, ta ba kowa labari. A duk bayanin, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Yaya: zaɓe. Ya garzaya wurin wani malamin tsibbu da ke masa aiki. Shi kuma ya ce azurfar da ta ci wa manya zaɓe ai laƙani ce, sai dai akwai hoto a jikinta, a narka ta a yi zobe.

Inna ba ta cire ta sai za ta yi wanka, ta rataye a ƙusar ƙofar bayi. Nan Yaya ya ɗauke ta. Muka share gidan nan kaf, muka tankaɗe shara da rariya, tsohuwa tana rarrafe a tsakar gida tana lalube. Sai ga shi ya shigo da yamma, yana ta ɗaga hannu don a ga zoben da ke yatsansa.

Na ce, "Yaya, abin uwar Inna ka kai wa maƙeri?"

"Ke ba ki san siyasa ba. In na ci, zan saya mata sarƙar gwal."

Wallahi ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba. Na zage shi tas, har maƙwabta suka leƙo. Inna ta shiga ɗaki ta saki labule.

Abin takaicin, ya ci. Mata suka cika gidan da guɗa, labarin zobe ya zaga unguwa. Wata ta ce, "Hajiya, ashe ke kika ba shi sirrin?" Inna ta yi murmushi ta ce, "Ni na ba shi." Don kada a kira ɗanta ɓarawo. Har yau in na tuna murmushin nan sai zuciyata ta tafasa.

Da baƙi suka watse ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini fensir da bayan fastar Yaya.

"Zana mini ita, ke da kika yi boko."

Na fara da hular, sai ta riƙe hannuna.

"Tsaya. Kan nan, dama yake kallo ko hagu?"

Na yi ta tunani, ita ma tana yi. A cikinmu babu wadda ta iya tunawa.